Taron Masu Barin Giya: Hukuncinsa, Nemansa da Ladubbansa

Godiya ta tabbata ga Allah Mai karɓar tuba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, babu wanda ya jahilci haramcin giya a cikinmu. Abin da ba a cika bayyanawa ba shi ne mafita ga wanda ya riga ya afka. Akwai bayin Allah da suke tuba da asuba su koma da dare, saboda giya ta riga ta kama jiki da zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600. Darasinmu na yau a kan hanya ɗaya ce daga hanyoyin magani, wato zama tare da waɗanda suka bar sha.

Asalin taron

A shekarar 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka lura cewa idan mashayi ya zauna da ɗan'uwansa suna tattauna ciwonsu, ƙishin giyar yakan lafa. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, wato mashaya masu sakaya suna, ana kiranta AA a taƙaice. A 1939 suka wallafa matakai 12, waɗanda suka ƙunshi amsa gazawa, da bin diddigin kai, da neman yafewar waɗanda aka cuta, da taimakon wani mashayin. A 1989 wasu Musulmi a garin Baltimo suka kafa Millati Islami, suka ɗora matakan bisa Alƙur'ani da Sunna. Bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a 2020 ta nuna cewa tsarin AA yana daidai da sauran hanyoyin jinya, ko ma ya fi su, wajen ɗorewa bisa bari gaba ɗaya.

Shin wannan tonon asirin kai ne?

Mai tambaya zai ce: shari'a ta umurce mu da suturta zunubi, to yaya Musulmi zai faɗi laifinsa gaban mutane? Sai mu ce: abin da aka hana shi ne bayyana saɓo don alfahari ko rashin kunya. Wanda ya faɗi ciwonsa don neman waraka, hukuncinsa hukuncin majinyaci ne gaban likita. Buhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa. Haka nan mutumin da ya kashe rai ɗari, malamin da ya ba shi fatawar tuba ya haɗa masa da sauya ƙasa zuwa wurin mutanen kirki. Ashe tuba tana bukatar sabbin abokan zama.

Yadda ake nemansa

Na farko, a fara da gidan likita. Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan ya yanke farat ɗaya, yana iya samun makyarkyata da farfaɗiya da gushewar hankali cikin kwana 2 zuwa 3, har ta kai ga rasa rai. Taro ba ya maye gurbin likita.

Na biyu, a tambayi likitan, musamman na sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ko akwai taro kusa. Ana kuma yin tarurruka ta intanet da Faransanci da Larabci da Ingilishi, mutum ya shiga da wayarsa daga ɗakinsa.

Na uku, inda babu, mutum biyu ko uku masu niyyar bari sun isa su fara. Su sa rana da lokaci, kada su saɓa.

Ladubban zama

Sharaɗin shiga ɗaya ne: son barin sha. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a tambayar sunan mahaifi ko unguwa. Baƙo yana iya yin shiru ya saurara. Ba a katse mai magana, ba a yi masa wa'azi. Abin da aka ji a wurin amana ne, fitar da shi giba ce da ha'inci. Ya nemi wanda ya daɗe da bari ya zama majiɓincinsa, ya kira shi lokacin da ƙishin ya taso, tun kafin ya sha. Ya riƙe alkawarin yini ɗaya, gobe ya sabunta. Idan aka rufe taro da addu'ar wani addini, ya yi shiru ya roƙi Ubangijinsa. Idan ya zame, ya koma taro na gaba, kada kunya ta mai da shi mashaya.

Mu kuma jama'ar masallaci, haƙƙinsa a kanmu shi ne mu ba su ɗaki idan sun nema, kada mu leƙa don ganin wanda ya shiga, kada mu kai labarinsu fada.

Allah ya karɓi tubanmu, ya warkar da majinyatanmu, ya suturta mu duniya da lahira. Amin.