*DARASIN LAFIYA: MAJINYACIN DA AKA YI MA AIKIN HANJI*

'Yan'uwa masu gida na Sanyinna, Tambuwal, Kebbe da kewaye, Allah shi ƙara muna lafiya.

Darasin yau kan wanda aka sallamo daga asibiti bayan tiyatar hanji. A ƙasarmu cikin abubuwan da ke yawan kai mutane ga wanga aiki akwai taifot, wanda in ya kai mako na 3 ba magani shina iya huda hanji, sai kuma gwaiwa da ta maƙale.

*Mi ke faruwa cikin ciki?*

Hanji da hanta da sauran kayan ciki suna samun kusan kashi 1 cikin 4 na jinin da zuciya ke turawa. Jinin nan ne ke kai abinci da iska inda likita ya ɗinke, har wurin shi haɗe.

In ƙwayoyin cuta suka yi ƙarfi suka shiga jini, abin da likitoci ke kira sefsis, jijiyoyi na saki, ruwan jini na tsiyayewa cikin nama, ƙarfin jini shi faɗi. Ku dubi mai noman rani a fadama: in ruwa ya ja baya, sai shi toshe wasu kwamai don shi tsirar da mafi tsada. Haka jiki ke yi. Shina rage ma hanji jini shi kai ma zuciya da ƙwaƙwalwa. Ga kuma 'yan gudajin jini da ke toshe ƙananan jijiyoyi.

Hanjin da bai samun jini sai shi tsaya da motsi, shi kumbura. Ɗinki na iya ɓallewa, galibi cikin makon farko, ƙazanta ta zuba cikin ciki, cutar ta ƙara ƙarfi.

*Alamomin komawa asibiti nan take:*
1. Zazzaɓi mai zafi, ko sanyin hannuwa da ƙafafu
2. Ciki ya kumbura ya yi tauri, ba bayan gida, ba fitar iska
3. Amai kore
4. Fitsari ya ragu ƙwarai
5. Numfashi sama-sama, zuciya na bugawa da sauri
6. Sambatu ko yawan barci
7. Mugunya ko ruwa mai wari daga wurin ɗinki

Bara an zo mini da dare kan wani yaro, kwana 6 da aiki, ciki ya ɗaure. Kakarsa ta riga ta jiƙa filasko. Na hana, na ce a nemi mota. Da suka isa sai da aka sake buɗe shi. Allah ya yi da sauran kwana.

Na shekara fiye da 30 ina ba da magani, amma ina gaya muku gaskiya: a wanga hali kada a ba da filasko, kanwa ko wani jiƙo na wankin ciki. Hanjin da jini bai isa ba, in ka tilasta mishi motsi ka yage shi. Kada a gasa cikin, kada a yi ƙaho ko sakiya. Diclofenac da ibuprofen na kemis suna ƙara wahalar da ƙoda. Maganin wurin shi ne ƙarin ruwa, allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, wani lokaci sake tiyata. Ku tahi inda aka yi aikin, ko babban asibitin Tambuwal. In sun tura ku Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kada a jira gari shi waye.

Zuma da habbatus sauda suna da lokacinsu, bayan likita ya yarda a ci abinci. Addu'a kuwa a yi ta tun daga gida har cikin mota. Neman magani umurnin Manzon Allah ne (SAW), bai kore tawakkali.

A tura ma 'yan'uwa. Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Wallahu a'alam.