Yadda Ake Gano Ciwon Zuciya Na Bayan Haihuwa Da Yadda Ake Maganinsa

Akwai ciwon zuciyar da ke kama mace a watan ƙarshe na goyon ciki, ko a watannin farko bayan ta sauka. Naman zuciyar ne ke yin rauni, ya saki, ya kasa tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ciwon ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa, kuma binciken da aka yi a asibitocin Sakkwato da Kano ya same shi a kusan haihuwa 1 cikin 100. Abin takaici, mai jego kan daɗe tana fama a ɗaka ana cewa gajiyar haihuwa ce.

Matakin farko a asibiti shi ne tambaya. Likita zai so ya ji yaushe ta haihu, yaushe ta fara haki, ko ta yi hawan jini da cikin. Zai tambaye ta matashi nawa take jerawa kafin ta iya barci, ko kuma tana farkawa cikin dare numfashi ya sarƙe sai ta tashi zaune. Wannan amsa tana da nauyi ƙwarai, domin mai ruwa a huhu ba ta iya kwanciya rigingine.

Daga nan sai duba jiki. A auna hawan jini da bugun zuciya, a kishingiɗar da ita a kalli jijiyar wuya ko ta cika ta taso. A ɗora abin saurare a bayanta a ji ƙarar ruwa a ƙasan huhu. Sannan likita ya danna ƙaurinta da babban yatsa na ɗan lokaci. Idan ya ɗaga ya bar rami kamar an danna tuwo, ruwa ne ya taru.

Sai gwaje-gwaje. Ana duba yawan jini, don ƙarancinsa ma yana kawo haki, a duba fitsari da aikin ƙoda, a yi gwajin ECG da hoton ƙirji. Amma wanda ke yanke hukunci shi ne hoton zuciya da ake kira eko. Shi ke nuna kason jinin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu. Lafiyayyar zuciya tana fitar da fiye da kashi 50 cikin 100. Idan ya gaza 45, kuma ba a ga wata matsala ta daban ba, kamar lalacewar ƙofofin zuciya, to an tabbatar da ciwon.

Magani yana farawa da cire ruwa. A zaunar da ita, a sa mata iskar oksijin idan tana buƙata, a ba ta allurar Lasix mai sa fitsari. Idan numfashi ya daidaita, sai a kawo magungunan da ke rage wa zuciya aiki har ta farfaɗo: enalapril, da spironolactone, da carvedilol ko bisoprolol. Ana farawa da kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali ana lura da hawan jini da ƙoda. Ba a ba mai ciki enalapril saboda yana cutar da ɗan tayi. Ita hydralazine ake ba ta har ta sauka. Idan eko ya nuna gudan jini a cikin zuciya, sai a ƙara maganin tsinka jini don gudun shanyewar ɓarin jiki.

Bayan sallama, aikin ya dawo hannun 'yan gida. A rage mata gishiri da dunƙule, a dakatar da kunun kanwa, domin kanwa tana ɗauke da sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki. Wadda aka tabbatar tana da ciwon, a sassauta mata zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Kada ta bar magani don ta ji sauƙi, ko don wani ya ce ƙwaya ta yi yawa.

Bayan kamar wata 6 ake sake yin eko. Wasu zuciyarsu kan dawo daidai, wasu kuma sai sun ci gaba da shan magani shekaru. A nan likita zai zauna da ita da maigidanta a yi maganar tazarar haihuwa, domin sabon ciki a kan zuciyar da ba ta warke ba yana iya cin rai.

Magidanta da iyaye mata, idan kun ga mai jego tana haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya, kada ku jira a yi arba'in. Ku kai ta asibiti a ranar, ku kuma nemi a duba zuciyarta.