Sarƙar Ɗaga Inji: A Ina Za A Rataye Ta?

Mai motar da zai sauke inji a gida, a Kaoje ko wani garin Bagudo, yakan fara duba lambar da ke jikin sarƙar ɗagawa: tan 1. Injin ƙaramar mota mai silinda 4 bai cika wuce kilo 200 ba, don haka sarƙar ta wadatar. Haɗarin yana wurin ratayewa. Reshen mangwaro yana iya yin ganye shar alhali gara ta cinye cikinsa, domin ruwa da abincin itace kusa da ɓawo suke bi. Ƙafafun ƙarfe uku a kan ƙasa mai tauri sun fi aminci. Ƙugiya mai tayoyi kuwa, idan aka zaro hannunta duka, mai tan 1 takan koma kilo 250.