Kafson Man Kifi: Shin Yana Ƙara Kaifin Ƙwaƙwalwa?

Duk shekara idan jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, mukan ga wasu 'yan aji shida da 'yar kwalba a aljihu, cikinta kafso ne rawaya mai sheƙi. Idan ka tambaya sai a ce maka man kifi ne, yana buɗe ƙwaƙwalwa. Mun ma ji wanda ya haƙura da kuɗin karin kumallo na mako biyu don ya sayi kwalba ɗaya. Wannan ya sa muka zauna muka bibiyi maganar, domin kuɗin iyayenmu da lafiyar jikinmu ne a ciki.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, kaya biyu ne daban ake kira man kifi a kemis. Akwai wanda ake tatsowa daga hantar wani kifin teku mai suna kod, wato irin su Seven Seas da Scott's Emulsion mai hoton mutum goye da ƙaton kifi, waɗanda da yawa daga iyayenmu suka sha da cokali suna yamutsa fuska. Wannan yana ɗauke da bitamin A da bitamin D masu yawa. Akwai kuma wanda ake tatsowa daga naman jikin kifaye masu maiƙo, kamar sardin da titus, wanda ake sha saboda wani kitse da ake kira Omega-3. Bambancin nan shi ne gindin maganar haɗari da za mu zo kanta.

Omega-3 kitse ne da jiki ke buƙata amma ba ya iya haɗa shi yadda ya isa, dole sai ta abinci. Nau'i biyu ne a cikin kifi, EPA da DHA. Shi DHA yana cikin tubalin da aka gina ƙwaƙwalwa da bangon cikin ido da shi, kuma jariri yana tara shi sosai a watannin ƙarshe na ciki da lokacin shayarwa. Wani abin mamaki, kifin ma ba shi ke ƙera yawancinsa ba. Daga ƙananan tsirran teku, 'yan uwan gansakuka, yake samu, ƙaramin kifi ya ci, babba ya ci ƙarami.

To tunda akwai DHA a ƙwaƙwalwa, ashe ke nan shan sa zai ƙara basira? A nan ne masu talla suke tsallake rami. Akwai siminti a ginin ajinmu, amma zuba ƙarin buhu goma a bakin ƙofa ba zai sa ajin ya faɗaɗa ba. Masana a Jami'ar Oksfod ta Ingila sun gwada abin a kan yara 'yan shekara 7 zuwa 9 masu rauni a karatu. An ba wasu DHA kullum har mako 16, wasu kuma aka ba su kafson da babu shi a ciki. A sakamakon da suka fitar a 2012 sun ga ɗan ci gaba a wurin yaran da suka fi kowa rauni. Sai suka sake gwajin da wasu yara fiye da 300, suka fitar da sakamako a 2018, ba su ga wannan ci gaban ba. Mu dai mun yaba musu da suka fito suka faɗi haka da bakinsu. Kwalbar da aka fara sha saura wata ɗaya a shiga ɗakin jarrabawa ba za ta maye gurbin bitar darasi da barci isasshe ba.

Inda man kifi ya fara suna shi ne wajen zuciya. A farkon shekarun 1970 wasu likitocin Denmak biyu, Bang da Dyerberg, suka je tsibirin Girinland suka auna jinin mutanen Inuwit, waɗanda kusan duk cimarsu kifi ce da naman dabbobin teku. An yi ta cewa ciwon zuciya bai cika kama su ba duk da yawan kitsen da suke ci, sai likitocin suka danganta hakan da Omega-3. Daga baya wasu masana sun nuna cewa ƙididdigar mace-macen da aka dogara da ita ba ta da ƙwari, amma kafin nan kasuwar kafso ta riga ta buɗe a duniya.

Manyan gwaje-gwaje sun biyo baya. A Amurka an bi mutane kusan 26,000 na tsawon kimanin shekara biyar, rabi suna shan giram ɗaya na man kifi kullum, rabi suna shan kafson man zaitun. Da aka tattara a 2018, jimillar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu ba ta bambanta wani abin kirki ba, haka ma ciwon daji. A shekarar nan dai aka samu irin wannan sakamako a Birtaniya a kan masu ciwon suga fiye da 15,000. Inda aka ga amfani a fili shi ne wani gwaji da aka ba marasa lafiya masu yawan kitse a jini giram huɗu na tataccen EPA a rana, haɗarin ya ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Sai dai wannan magani ne da likita ke rubutawa, ba irin wanda ake shanyawa a faranti a tasha ba. Abin da aka tabbatar ba jayayya shi ne, man kifi mai yawa yana rage wani nau'in kitsen da ke yawo a jini.

Shi kuwa man hantar kod, tarihinsa da ƙashi ne. A Turai ta ƙarni na 19 an yi ta ba yara shi don ciwon laushin ƙashi, wanda ke sa ƙafa ta yi gwame ko ta lanƙwashe kamar baka. A 1922 aka gano sinadarin da ke yin wannan aiki, aka sa masa suna bitamin D. Amma can rana ce ta yi musu ƙaranci, domin fata da hasken rana take haɗa bitamin D. Mu da rana ke dukanmu tun safe, labarinmu daban ne. Binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna cewa yaranmu masu wannan ciwo ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babbar matsalarsu, kuma sun fi warkewa da aka ba su shi a kan bitamin D kaɗai. Saboda haka idan ƙaninka ƙafarsa ta fara lanƙwashewa, asibiti za a kai shi, kada a zauna ana ɗirka masa cokali a gida.

Yanzu ga harbin zumar. Bitamin A ba ya fita da fitsari, a hanta yake taruwa. Wanda ya yi ta shan man hantar kifi fiye da ƙa'ida, ko ya haɗa shi da wasu ƙwayoyin bitamin, zai iya fama da ciwon kai da tashin zuciya, idan abin ya daɗe har hanta ta taɓu. Ga mai juna biyu abin ya fi tsanani, domin yawan bitamin A na iya nakasa jaririn da ke ciki, shi ya sa hukumar lafiya ta Birtaniya ke hana masu ciki shan man hantar kod. Wannan saƙo ne da ya kamata mu kai gida ga iyayenmu mata da yayyenmu.

Shi ma na Omega-3 ba a sakin jiki da shi. Ƙananan matsalolinsa su ne gyatsa mai ƙarni da ƙwannafi da sakin ciki. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ko wanda za a yi wa tiyata, ya gaya wa likita kafin ya fara. An kuma lura cewa shan sa da yawa yana ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya ga masu matsalar zuciya. Wanda kifi ba ya karɓarsa, ya ci jikinsa ya yi borin jini, ya nemi shawara tukuna.

Sannan mai ne, kuma mai yana lalacewa da zafi da haske. Ku tuna yadda man gyaɗa ke sauya wari idan ya daɗe. Kwalbar da ta wuni a rana a watan Afrilu ba abin yarda ba ce. Duk wanda likita ya ce ya saya, ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ya fasa kafso ɗaya ya shinshina. Mu ƙara da wani abu da ba a cika lura da shi ba: ɓawon kafson da gelatin ake yin sa, wanda kan fito daga saniya ko kifi ko alade, don haka a karanta jikin kwalba.

A juya bayan kwalbar kuma a yi ɗan lissafi. Kafson da aka rubuta wa miligiram 1000, sau da yawa EPA 180 ne da DHA 120 a ciki, wato 300 ke nan kawai. Yankan titus mai giram 100 kuwa yana ba da kimanin giram ɗaya ko fiye, daidai da kafso uku zuwa huɗu, ga furotin a kai. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka cewa ta yi a ci kifi sau biyu a mako, musamman mai maiƙo. Tarwada da ƙarfasa da muke samu a nan ba su kai titus da sardin Omega-3 ba, amma suna da nasu rabon. Sardin na gwangwani kuma da ƙayarsa ake tauna shi, to a cikin ƙayar nan kalsiyam yake, wanda yaran Jos suka rasa.