BAYAN AN KWANCE MARI: AIKINMU GA WAƊANDA SUKA SHA AZABA

Wurin karatu: Ayyukan Manzanni 16:16-40

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan abin da ya ke bakin ƙofarmu ne. Duk wanda ya ke zaune a Kurya Madaro, ko Kaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ya san gidan da aka ɗauke wani daga cikinsa aka kai shi daji. A watan Maris na 2025 'yan bindiga suka kwashe mutane fiye da 50 daga ƙauyen Banga a ƙasar Kaura Namoda. Dangi suka tara kuɗi suka biya fansa, duk da haka a watan Yuli aka ji an kashe fiye da 30 daga cikinsu. Waɗanda aka sako, galibinsu mata, sai da aka kai su asibiti. Mun yi makokin matattu. Yau muna so mu yi tunani a kan masu rai da suka komo, da abin da ya wajaba a kanmu dominsu.

Kuskuren da muka yi

Bari mu fara da namu laifi. Akwai wani ɗan'uwa manomi da ya yi makonni a hannun mutanen daji. An ɗaure shi da sarƙa a ƙafa, ana kiran iyalinsa a waya ana dukansa domin su ji kukansa su gaggauta kawo kuɗi. Aka sayar da gonarsa da shanun huɗa aka fanshe shi. Ran Lahadi ta fari da komowarsa, saboda murna, muka tsai da shi gaban jama'a ya ba da shaida. Ya faɗi kalma biyu ko uku, jikinsa ya ɗauki rawa, ya zauna. Muka rera waƙar godiya muka tashi, muna tsammani magana ta ƙare.

Bayan wata biyu matarsa ta zo ta ce, "Malam, jikin maigida ya komo, amma shi kansa yana can." Ba ya barci. In ya ji ƙarar babur sai ya shige ƙarƙashin gado. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a kan 'ya'yansa ba, yanzu abu kaɗan sai tsawa. Ya daina zuwa sujada, gama yana jin kunyar mutanen da suka ba da gudummawar fansarsa. A ranar muka gane mun ɗauki biyan fansa a kan ƙarshen aiki, ashe farkonsa ne.

Abin da ya faru a Filibi

A birnin Filibi ta ƙasar Makidoniya aka ja Bulus da Sila zuwa kasuwa gaban mahukunta. Ba a yi musu shari'a ba. Aka yayyage tufafinsu a gaban taro, aka yi musu dukan tsiya da sanduna, aka jefa su can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu. Da tsakad dare aka yi rawar ƙasa, ƙofofi suka buɗe, maruruwa suka kwance. Mun saba tsayawa a nan in muna wa'azi. Amma ku lura da abubuwa huɗu da suka biyo baya. Yari ya wanke musu raunukansu a daren nan. Ya kai su gidansa ya sa musu abinci. Da safe Bulus ya ƙi a sallame su a ɓoye. Da suka fita kuma suka nufi gidan Lidiya wurin 'yan'uwa. Allah ne ya kwance marin, amma sauran aikin a hannun mutane ya bar shi.

Na fari: wanke miki

Yari bai jira gari ya waye ba. Haka mu ma, ranar da mutum ya komo, kafin taron barka da arziki, asibiti ne farko. Sarƙa takan ci naman idon sawu har ya ruɓe. Akan sami karayar haƙarƙari, da kunnen da mari ya kurmantar, da zazzaɓi, da ciwon ciki na ruwan kududdufi. Wanda ya daɗe da yunwa kada a cika masa akushi da tuwo da nama don ƙauna, gama cikinsa ba zai ɗauka ba, yana iya yi masa lahani ƙwarai. A fara da kunu da ruwa mai tsabta kaɗan kaɗan, bisa ga shawarar likita.

Ga wata magana mai nauyi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mata da 'yan mata da yawa an yi musu fyaɗe a daji. Akwai maganin da ya ke kare mace daga ƙwayar cutar ƙanjamau, amma sai an fara shansa cikin kwana 3 bayan abin ya auku. Ko kwanakin sun wuce, a kai ta, domin akwai sauran cututtuka da a ke warkarwa. Wannan aikin dattijuwar mace ne mai riƙe asiri daga cikin zumuntar mata, ba aikin taron dattawa ba. Ƙungiyar likitoci na gari na kowa da a ke kira MSF ta yi shekaru tana aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, cikin aikinta kuwa har da kula da irin waɗannan mata. Akwai kuma babban asibitin Kaura Namoda, da na Gwamnatin Tarayya a Gusau. A roƙi likita ya rubuta raunukan da ya gani, a adana takardar, gama wata rana ita ce za ta zama shaida.

Na biyu: mikin da ba a gani

Mai azabtarwa ba jiki kaɗai ya ke nufi ba. So ya ke ya sa mutum ya ji shi ba kome ba ne, ba shi da iko ko a kan fitsarinsa. Don haka bayan fata ta warke akan ga mugun mafarki, da firgita, da fushi, da mantuwa, da gudun mutane. Wani yakan ga laifin kansa don ya tsira abokinsa ya mutu. Wannan duka ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, ba kuma ƙarancin bangaskiya ba ne. Ko Bulus, sa'ad da ya rubuta wa Tasalonikawa wasiƙarsa ta fari, a sura 2 ya sake ambaton wulakancin da aka yi masa a Filibi. Abin bai fita ransa ba.

Me za mu yi fa? Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna tare da shi ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa ne suka ɓata. Mu ziyarce shi mutum ɗaya ko biyu, a kai a kai, gama zumunta a ƙafa ta ke. Kada kowane mai zuwa jaje ya ce a ba shi labari daga farko. In ya so magana mu saurara, kada mu katse shi da wa'azi. In bai so ba, mu zauna mu yi hirar damina. Abin da ya faɗa mana kada ya zama abin roƙon addu'a a gaban jama'a sai da yardarsa. Mu riƙa tambayarsa abin da ya ke so, ko a kan ƙaramin abu, domin ikon zaɓi shi ne abin da aka ƙwace masa. Kada kuma mu matsa masa ya ce ya gafarta tun mikin yana ɗanye. Gafara umarnin Ubangiji ce, amma ba a girbe dawa ranar shuka.

Akwai inda iyawarmu ta tsaya. In mutum ya fara zancen kashe kansa, ko ya yi makonni ba barci, ko yana jin muryoyin da ba kowa, ko ya faɗa shan ƙwaya don ya manta, to, a kai shi wurin likita ba da jinkiri ba, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Gwamnatin Tarayya tana da asibitin ciwon ƙwaƙwalwa a Kware kusa da Sakkwato. Zuwa can ba abin kunya ba ne. Mu ci gaba da addu'a, mu kuma biya kuɗin mota.

Likitocin duniya sun daɗe suna nazarin wannan. A 1982 wata likita mai suna Inge Genefke ta jagoranci buɗe gidan jiyyar waɗanda aka azabtar a Kofanhagan, babban birnin Danmak, a 1985 kuma aka kafa majalisar da ta haɗa irin waɗannan gidaje na ƙasashe da yawa. Abin da suka koya shi ne, jiyyar jiki, da ta zuciya, da hanyar abinci, da neman hakki, tare su ke tafiya. In an bar ɗaya, sauran sukan yi ɗingishi.

Na uku: abinci da gidan Lidiya

Yari ya sa musu abinci, Lidiya ta buɗe musu ƙofa. Wanda aka fansa yakan komo ya tarar ba gona, ba dabba, ga bashi. Kyautar yini ɗaya ba ta tsai da gida. Gara ekklesiya ta yi masa gayya, ko ta ba shi aron iri da taki, ko ɗan jarin da zai zauna da shi a kasuwar Kaura. Ɗan'uwan nan namu bai fara samun barci ba sai da wani dattijo ya ba shi aron fili kusa da gari, ya sake riƙe fartanya.

Matar da aka ci mutuncinta kuwa, ba ita ta yi zunubi ba, ita aka yi wa. Kada a sa ta ƙarƙashin horo, kada a hana ta jibin Ubangiji, kada miji ya juya mata baya. In ta komo da ciki, yaron ba shi da laifi. Bakin mutanen unguwa yana iya ƙarasa abin da mutanen daji suka fara.

Mu tuna kuma, mu masu bi kaɗan ne a wannan ƙasa. Yawancin waɗanda suka sha wannan wuya maƙwabtanmu Musulmi ne, Hausawa da Fulani. Basamariyen nan na Luka sura 10 bai tambayi wanda 'yan fashi suka yasar a hanya ko shi ɗan wane gari ne ba.

Na huɗu: buɗe baki

Da mahukunta suka aiko da safe a saki Bulus da Sila a asirce, Bulus ya ƙi. Ya ce su 'yan ƙasar Roma ne, an duke su a fili ba shari'a, sai mahukunta su zo da kansu su fitar da su. Suka zo kuwa, suka ba da haƙuri. Bulus ya san dokar ƙasarsa, ya tsaya a kanta, da haka ya kāre 'yan'uwan da zai bari a Filibi.

Mu ma ya kamata mu san tamu. Gama ba a daji kaɗai a ke azabtar da mutane ba. Akan kama mutum bisa zato, a yi ta dukansa sai ya amsa laifi, wani lokaci a hannun masu kaki, wani lokaci a hannun 'yan sa kai. Makiyaya da yawa da ba su san hawa ba su san sauka ba sun sha wannan, ɗaukar fansa kuma ta ƙara hura wutar da ta ke cinmu. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya hana azabtar da kowane mutum. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniyar hana azabtarwa a 1984, Nijeriya ta tabbatar da ita a 2001, sashe na 14 na cikinta kuwa ya ce wanda aka azabtar yana da hakkin diyya da jiyya. A watan Disamba na 2017 aka sa hannu a kan dokar Nijeriya ta hana azabtarwa. Bisa ga dokan nan, mai azabtarwa yana iya shan ɗauri har shekara 25. Yaƙi ko tashin hankali ba hujja ba ne, umarnin na gaba ma ba hujja ba ne. Maganar da aka tatsa daga bakin mutum da duka ba ta zama shaida a kansa a kotu. Yana kuma da hakkin likitan da ya zaɓa ya duba shi.

Akwai Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa mai karɓar ƙara, da hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta. Talaka shi kaɗai yana tsoron shiga ofis. In fasto, da liman, da mai unguwa suka raka shi, za a fi jin kukansa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma a yi da hikima. Kada a kai maganar kowa ko'ina sai ya yarda, kada kuma a bayyana sunansa inda zai jawo masa haɗari, gama masu kai wa 'yan bindiga rahoto suna cikin gari. Ran 26 ga Yuni ta kowace shekara duniya takan tuna da waɗanda aka azabtar. Ekklesiya tana iya keɓe Lahadin da ta ke kusa da ita don addu'a da baiko dominsu.

Abu ɗaya ya rage. Yarin da ya wanke raunukan nan shi ne ya sa ƙafafunsu a turu. Da ya zare takobi zai kashe kansa, Bulus ne ya hana shi. Muna neman shari'a ta gaskiya a kan masu zalunci, amma ba mu da izinin rama azaba da azaba. Ɗan'uwan nan namu yanzu yana zuwa sujada, yana zama a bencin baya kusa da ƙofa. Ba mu sake ce masa ya tashi ya ba da shaida ba. In ranar ta zo, shi zai faɗa mana.

Tambayoyi domin bincike

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne suka faru bayan da maruruwan Bulus da Sila suka kwance?
2. Don me Bulus ya ƙi a sallame shi a ɓoye?
3. Waɗanne alamu ne za su nuna mana lalle a kai mutum wurin likita?
4. A ekklesiyarku, wace mace ce da wane namiji za a iya danƙa wa asirin wanda ya komo daga daji?

Abin addu'a: waɗanda har yanzu su ke ɗaure a daji, da iyalan Banga, da ma'aikatan asibitocinmu, da masu mulki, domin su yi gaskiya.