Yadda Ake Zaɓar Famfon Mai Na Lantarki: Darasi Daga Motocin Tsere Zuwa Golf Ɗin Haya

Duk matashin da ke yawo a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da bidiyon motoci biyu da ake jerawa a kan miƙaƙƙen titi, da zarar fitila ta nuna kore sai su fizga kamar an harba kibiya. Wannan shi ne tseren gajeren zango, wanda ya yi ƙarfi a Amurka, inda aka kafa hukumarsa mai suna NHRA a shekarar 1951. Tsawon filin da aka saba da shi rubu'in mil ne, wato kimanin mita 402.

A irin wannan tsere, abin da masu motoci ke tsoro shi ne mai ya gaza wa inji na daƙiƙa ɗaya tak. Shi ya sa suke zaɓar famfon mai da lissafi. Wannan lissafin kuwa shi ne dai yake aiki a kan Golf da Sharon da ke jigilar mutane da buhunan hatsi tsakanin Ɗambatta, Makoɗa, Bichi da kasuwar Dawanau. Idan famfo ya mutu a tsakiyar hanya da kaya niƙi-niƙi, an yi asarar cinikin wuni guda. Idan kuma aka saka wanda bai dace ba, injin kansa na iya tafiya.

Mene ne aikin famfon mai?

Aikinsa shi ne tura fetur daga tanki zuwa inji. Tsofaffin motoci masu kafireto, irin su Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, suna da famfon da injin ne da kansa ke motsa shi. Motocin injekta kuwa suna amfani da famfon lantarki, ƙaramar na'ura mai aiki da wutar batir, wadda galibi take nutse a cikin tanki. Ƙarar nan ta daƙiƙa biyu ko uku da ake ji daga bayan mota idan an murɗa makulli kafin a tayar, ita ce ta famfon yana cika layi da mai.

Lambobi biyu ne ke bayyana kowane famfo. Na farko matsi, wato ƙarfin da yake tura man da shi, ana auna shi da bar ko psi, kuma bar 1 ya kai kusan psi 14.5. Na biyu yawan man da yake iya turawa, ana auna shi da lita a awa guda. Lambobin nan biyu kamar sikeli suke: duk lokacin da matsi ya hau, yawan man da famfo ke iya bayarwa sai ya sauka. Manomin rani da ya taɓa ja wa injin ban-ruwa tiyo zuwa kan tudu ya san wannan, domin ruwan raguwa yake yi gwargwadon hawan tudun.

Mataki na ɗaya: sanin matsin da inji ke buƙata

Inji mai kafireto yana buƙatar ɗan matsi kaɗan, tsakanin psi 4 zuwa 7, ƙasa da rabin bar. Inji mai injekta ɗaya ga kowace silinda yana aiki ne da kusan bar 3 zuwa 4. Idan aka ɗaura wa kafireto famfon injekta ba tare da na'urar rage matsi ba, mai zai yi ambaliya, ga hayaƙi, ga haɗarin gobara. Idan kuma aka ba injekta famfo mai rauni, motar za ta riƙa shaƙewa, ko ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Golf 3, wadda kamfanin Volkswagen ya fara fitarwa a 1991, misali ce mai kyau. Mai inji 1.8 da ke da injekta guda ɗaya a saman inji tana aiki da kusan bar 1 ne kawai, alhali mai inji 2.0 da ke da injekta huɗu tana buƙatar kusan bar 3. A ido famfunan biyu suna kama da juna. Saboda haka cewa mai shago “a ba ni famfon Golf” bai wadatar ba, sai an faɗi irin injin.

Mataki na biyu: lissafin yawan mai

Masu tsere suna da wani sauƙaƙƙen ma'auni. Injin fetur marar turbo, idan an take totur har ƙasa, yana shan kimanin lita 0.3 a awa ga kowane ƙarfin doki guda. Mai turbo kuwa yana kaiwa wajen lita 0.4. Bayan an ninka, sai a ƙara kashi 20 cikin 100 a matsayin rara.

Ga misali. Golf mai ƙarfin doki 90: idan aka ninka 90 da 0.3 za a sami lita 27, da rara kuma kusan lita 33 a awa. Famfon asali na motar ya ɗauke wannan cikin sauƙi.

Motar tsere mai turbo da ƙarfin doki 500 kuma: 500 sau 0.4 ya ba da lita 200, da rara lita 240. A nan ne mutane da yawa ke faɗa wa tarko. Sai mutum ya ga fitaccen famfon Walbro mai lamba 255 ya ce ya isa. Amma wannan lambar a matsin kusan bar 3 aka auna ta. Idan turbo ya ƙara iska da bar 1, matsin mai ma sai ya hau zuwa bar 4, kuma a nan famfon ba zai ba da lita 255 ba. Abin da ake dubawa shi ne jadawalin da kamfani ke wallafawa, mai nuna lita nawa famfo ke bayarwa a kowane matsi.

Ƙarancin mai a lokacin da inji ke cikin tsananin aiki yana sa wutar cikin silinda ta yi zafi fiye da kima, har ta iya ƙona fistin ko bawul. Direban da ke haurawa da lodin buhuna a giya ta biyu, injinsa na cikin irin wannan hali, ko da ba tsere yake yi ba.

Babban famfo ba ya ƙara gudu

Akwai masu zaton cewa saka famfon tsere a motar gida zai ƙara mata ƙarfi. Ba haka abin yake ba. Kwamfutar mota da injektoci ne ke yanke yawan man da zai shiga inji. Rarar da famfo ya turo komawa tanki take yi, tana ɗumama man a banza. Babban famfo yana jan wuta mai yawa, yana iya ƙona siririyar waya ko fiyus, kuma idan ya fi ƙarfin na'urar daidaita matsi, mota za ta riƙa zuƙar mai, filogi ya yi baƙi. A wannan zamani da fetur ya yi tsada tun bayan sanarwar cire tallafi ta ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan asara ce tsagwaronta.

Mataki na uku: wuta, filta da mazauni

Famfo yana ba da cikakken ƙarfinsa ne idan wuta ta kai masa yadda ya kamata, wato volt 13.5 zuwa 14 lokacin da inji ke aiki. Idan wayarin ya tsufa ko an yi masa jone-jone, wutar na raguwa kafin ta isa tanki, sai a ɗora wa famfo laifin da ba nasa ba. Masu tsere kan ja waya mai kauri daga batir ta cikin rile da fiyus. Kafin a sayi sabon famfo, a sa makaniken lantarki ya auna wutar a bakin soket ɗin famfon.

Filta ma haka. A motocin tsere ana saka mai manyan ƙofofi, kusan maikiron 100, kafin famfo, sannan mai ƙananan ƙofofi, kusan maikiron 10, bayansa. A motar gida akwai 'yar raga a gindin famfo da kuma filtar layi. Duk wanda ya canza famfo ya bar tsohuwar raga da tanki mai datti, ya shirya sake sayen wani. Wannan ya fi shafar ƙauyukan da gidan mai ke da nisa, inda ake dogaro da 'yan bumburutu, domin man jarka da na kwalba ba ya rasa ƙura ko ruwa, musamman lokacin hunturu da damina. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumomi suka tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, motoci da dama suka sami matsala.

Sai batun mazauni. Famfon lantarki ya fi iya turawa a kan zuƙowa, don haka wanda ake ɗaurawa a waje, a sa shi kusa da tanki kuma ƙasa da shi. Na cikin tanki kuwa, man da ke ratsa shi da wanda ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. Al'adar zuba lita biyu-biyu da yawo da tanki kusan wayam tana sa famfo ya riƙa zuƙar iska da dattin ƙasan tanki. Barin aƙalla rubu'in tanki ya fi arha a kan sayen sabon famfo.

Inda wayar hannu ke taimakawa

Kafin a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a birnin Kano, a ɗauki hoton tsohon famfon, da lambar da ke jikinsa, da soket ɗinsa, da lambar shasi. Idan aka rubuta lambar a Google, za a ga matsinsa da motocin da ya dace da su. Wannan yana taimakawa wajen gane jabu, domin ana kwaikwayon kwalayen sanannun kamfanoni irin su Bosch da Denso. Idan ɗan Beljiyam za a saya, a nemi sharaɗin mayarwa idan bai ba da matsin da ake so ba.

Akwai kuma ƙaramar na'urar nan ta ELM327 da ake cusawa a soket ɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth, a karanta bayanan inji da manhaja irin Torque. Lambar P0171 tana nuna iska ta rinjayi mai, P0087 kuma tana nuna matsin mai ya yi ƙasa. Sai dai P0171 na iya fitowa saboda tsagewar tiyon iska, ba lallai famfo ba. Haka nan OBD2 ya zama dole ne a motocin Amurka daga 1996, a motocin fetur na Turai kuma daga 2001, don haka tsohuwar Golf 3 ta Turai ba lallai ta amsa ba. Hujja mafi ƙarfi ita ce agogon auna matsi da ake ɗaurawa a layin mai.

Gargaɗi

Tururin fetur yana kamawa da ɗan tartsatsi. Kafin a buɗe tanki a cire kan batir na nagatif, a yi aikin a fili, nesa da murhu, sigari da janareto, kuma kada a gwada famfo da waya tsirara a bakin tanki. Shi kuwa tseren da ake gani a bidiyo, a killataccen fili ake yin sa, da hular kwano da motar kashe gobara a gefe. Titin Kano zuwa Ɗambatta na masu babura ne da amalanke da yara 'yan makaranta, ba filin gwada gudu ba ne.