Darɓa a Jikin Furen Gida: Ruwa da Sabulu Sun Isa

Idan kuka ga ganyen yakuwa ko na furen da kuka dasa a tsakar gida ya nannaɗe, yana danƙo a hannu, ku juya bayansa ku duba. Za ku tarar da ƙananan ƙwari, kore ko baƙi, ba su kai ƙwayar gero ba, sun yi cincirindo a kan toho. Wannan ita ce darɓa. Ruwan jikin tsiron take tsotsa, ta zubar da wani abu mai zaƙi wanda tururuwa ke bi, daga baya ganyen ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya. Macen takan haihu ba tare da namiji ba, 'ya'yanta kuma su fara haihuwa cikin kamar mako guda, shi ya sa take cika reshe nan da nan.

Abin da mutane suka saba yi shi ne sayen piya-piya a kasuwa. Kada ku yi haka. Guba ce mai shiga jiki ta fata da numfashi, ga shi a tsakar gidan nan yara ke rarrafe, a nan ake shanya hatsi, yakuwar kuma tukunya za ta. Tana kuma kashe jar ƙwaron nan mai ɗigon baƙi, wanda darɓa ce abincinsa.

Ku fara da watsa ruwa da ƙarfi a bayan ganye, ku yanke reshen da ya lalace. Idan ta dawo, ku narkar da cokali guda na sabulun wanka a ruwa lita 1, ku fesa da yamma, don rana ba ta ƙona ganyen. Mai ƙwallon darbejiya, wato dogon yaro, ya daka giram 50, ya jiƙa a lita 1 ya kwana, ya tace. A maimaita duk mako, domin sai maganin ya taɓa ƙwaron yake aiki.

Ku masu sayar da maganin ƙwari, kada ku ɗura shi a kwalbar lemo ko ta ruwan sha. In yaro ya sha ko ya zuba masa, kuka ga dalalar miyau, gumi, amai ko wahalar numfashi, ku cire masa tufafi, ku wanke jikinsa da sabulu. Kada a ba shi madara ko manja, kada a sa shi amai. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, tare da kwalbar.